Faifan Birkin da Aka Daka da Guduma

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa idon karatu da kunnen basira, ina roƙon ka ara mini hankalinka na ɗan lokaci. Ni dattijo ne da ya yi makaranta tun zamanin da ake zane ɗalibi saboda karkataccen rubutu, kuma ban saba ɗaga alƙalami a kan ƙaramar magana ba. Amma ha'inci cikin sana'a ba ƙaramar magana ba ce, kuma har gobe idan na tuna wannan al'amari raina tafasa yake yi.

An yi wani direban a-kori-kura da ke kai wa matan wani ƙauye tukwane da randuna kasuwa, ta hanya mai doguwar gangara. Sai ya lura duk sa'ad da ya taka birki, sitiyari na karkarwa a hannunsa kamar mai masassara, tukwane suna gwaruwa a baya. Ya kai motar gareji. Bakanike ya kwance tayoyin gaba, ya shafa fayafayan ƙarfen nan da birki ke matsewa, ya ce zafi ya lanƙwasa su duka biyun, sai an sa sababbi. Direba ya biya ba musu, ya tafi masallaci. To, al'adar gareji ita ce a miƙa wa mai mota tsohon ƙarfen da aka cire, shaidar an sa sabo. Wannan marar kunya ya sa sabon faifai a hagu kawai. Na dama kuwa ya gasa shi a wuta, ya daddaka shi da guduma, ya goge da yashi har ya yi ƙyalli, ya mayar. Sannan ya tsinto wani a juji, ya haɗa da wanda ya cire, ya miƙa wa direba biyu cif.

Ranar kasuwa direba ya hango bakaniken a bakin titi, babur ɗinsa ya ƙi tashi. Ya tsaya, ya buɗe masa gaba don girmamawa. Gogan ya so ya noƙe, amma da wane baki zai ƙi shiga motar da ya gyara? Da suka hau gangara, mota ta ɗauki gudu, direba ya kai ƙafa birki, sai ya ji bakaniken ya ƙwala ihu a kunnensa: "Maigida, kar ka danne! Na daman tsoho ne!" Ina! Faifai ya tsage, mota ta fizga hagu ta kifa cikin kwari. Direba ya rarrafo waje jini na zuba a goshinsa, bai ko ji zafin ciwon ba. Maganar nan ce ke cin ransa, yana kallon gumin matan da suka ba shi amana ya zama katanga warwatse. Bakanike kuwa, hannun da ya riƙe gudumar shi ne ya karye.

Da aka kawo ƙarar gabana, a matsayina na uban ƙungiyar kanikawa, ban saurari magiya ba. Na ci shi tarar sababbin fayafai biyu, da gyaran motar, da biyan kowace tukunya har murfinta, kuma tsagaggen faifan ya zauna rataye a ƙofar rumfarsa shekara guda. Da ma Hausawa sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.