Ƙarfen da Ba Ya Gargaɗi

Goron ya suɓuce daga hannun Hajiya Ikilima, ya faɗi a kan barandar bene, ya gangara shi kaɗai har bakin ƙarshe. Ɗanta Sirajuddeen ya bi shi da ido. Sannan ya juya ya dubi gindin barandar, inda ta haɗu da bango. Wani siririn layi ya bi wurin, daga wannan kusurwa har waccan.

Kwanansa huɗu da dawowa unguwarsu ta New Bell. Ko akwatinsa bai gama kwancewa ba, yana nan bakin gado da tsaga uku a mariƙinsa, biyu a miƙe ɗaya a karkace, irin wadda yake yi wa duk abin da ya bi ta hannunsa. Shekara tara ya yi a Jidda, a wani ɗakin gwaji, inda aikinsa kullum shi ne ya ɗaure rodi a inji a ja shi har ya tsinke.

Ya san yadda lafiyayyen ƙarfe yake mutuwa. Miƙewa yake fara yi, ya rame a tsakiya kamar an ja kwaɓin fulawa, ya ba mutane lokacin gudu. Ya kuma san ɗaya irin, rodin da aka ciro daga rusasshen gini aka miƙar da guduma. Da wannan sana'ar ya ci abinci a filin tsofaffin ƙarafa na Bonabéri kafin ya tafi, lokacin da bai san komai ba. Irin wannan ba ya rama, ba ya kuka. In da ɗan rauni a jikinsa, ko da kamar ƙwarzanen farce ne, nan zai ɓalle kamar busasshen kara.

“Hajiya, wa ya zuba barandar nan?”

“Baba Wakili mana. Wa ke yi mana gini in ba shi ba?”

“Da wane ƙarfe?”

Ta shafa bakin simintin da tafin hannu, yadda ya ga tana yi kowace safiya. “Da mai albarka. Je ka sa riga, baƙi sun fara zuwa.”

Ranar sunan ɗan ƙanwarsa Zinariya ce. A gidan nan, in ana taro, maza su baje tabarma a ƙasa, mata su haye sama. Kafin hantsi ya ƙirga mace talatin da ɗaya a kan barandar, ban da tukunyar shinkafa da mutum biyu suka ɗauko da ƙyar. Ya hau ya sake duba layin. Da safe gefen takarda ba ya shiga. Yanzu tsinken ashana ya shige har kai.

Ya sauko ya sami tsohon maginin a tsakiyar maza, yana gyara hula.

“Baba Wakili, rodin guduma ka sa a can. Gaskiya ko ƙarya?”

Tsohon ya ɗaga ido ya dubi Hajiya a sama, ya mayar ƙasa. “Siraju, ka bari sai an watse.”

“Sai an watse, ko sai an kwashe gawa? Uwata ce ke zama a wurin nan kullum!”

“Na faɗi nawa a lokacin,” in ji Wakili.

Sirajuddeen ya kori mazan da tabarminsu zuwa titi, ya haye sama yana ihu a sauka. Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce ɗan Jidda ya dawo da iskokai. Wata ta ce, “Doucement, mon frère, a hankali ɗan'uwa, ko shinkafar kake yi wa rowa?” Ba wadda ta motsa. Ya ji simintin ya ɗan girgiza a tafin ƙafarsa.

Sai ya sunkuya ya ɗauke jaririn daga cinyar Zinariya, ya ruga ƙasa da shi. Uwar ta biyo shi tana kururuwa, sauran suka biyo ta suna zagi.

Hajiya Ikilima kaɗai ta rage. Ta zauna a kujerarta ta naɗe hannu. Nan take zama, ta sha gaya masa a waya, duk ranar da kewarsa ta dame ta. Ya kira ta har muryarsa ta dushe, ko kallonsa ba ta yi ba. Wakili ne ya hau, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya raɗa mata wani abu, ya riƙo gefen mayafinta.

Suna matakala ta uku daga ƙasa aka ji ƙara ɗaya, kamar ta bindiga.

Da ƙura ta lafa, tukunyar ta zama faranti, kujerar Hajiya kuwa ba a ma ganinta. Ana ta salati. Sirajuddeen ya miƙa wa Zinariya ɗanta, ya taka ɓaraguzan, ya finciko guntun rodi. Karayar fara tas, ko ɗan rama babu. Ya ɗaga shi sama, ya nufi Wakili.

“Jama'a, ku zo ku ga wanda ya so kashe...”

Babban yatsansa ya goge ƙurar da ke bakin karayar. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Duk a wuri ɗaya suka ɓalle, daidai kan tsagar zarto guda uku, biyu a miƙe ɗaya a karkace. A bayansa Hajiya ta ce a hankali, “Ka ƙyale bawan Allah. Ni na je Bonabéri da ka tafi, na sa aka tsinto mini naka ɗaya bayan ɗaya, don in riƙa zama a kan aikin hannunka.”