Ma'aikacin da Bai Koyi Tuɓe Riga Ba

Kin ce kin gaji da saka rigar kariyar nan da tuɓe ta, alhali babu mara lafiya a gabanmu. To, bari in ba ki misali.

An yi wani ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin wani ƙauye, mutumin kirki, ga iya allura. Aka kira su horo a birni kan abin da za a yi idan annoba ta ɓarke. Ya saurari bayani tsaf, amma da aka ce kowa ya saka kayan kariya ya tuɓe a gaban malami, sai ya zame ya koma inuwa, wai shi ba yaro ba ne da za a koya masa sa riga. Ya dawo da kwalin kayan kariyar da aka ba shi ya ɗora kan kabad. Da rani ya yi, aka kawo masa wani manomi a amalanke, jiki zafi rau, yana aman jini. Nan take ya ga alamun zazzaɓin Lassa, wanda ake ɗauka daga jini da aman mai shi. Ya sauko da kwalin, ya zura kayan ko ta yaya, ya yi wa mutumin abin da zai iya har mota ta zo ta tafi da shi babban asibiti.

Sai ga shi tsaye shi kaɗai a tsakar ɗaki, riga duk ta ɓaci, gumi na shiga masa ido. Me ake fara cirewa? Safar hannu ce, ko tabarau, ko takunkumi? Babu wanda zai tambaya. Ya fizge takunkumi don ya sha iska, ya share fuskarsa, sannan ya tuna safar tana hannunsa. Tun daga ranar ya keɓe kansa a wani ɗaki, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. In kansa ya ɗan sara, sai ya dafa goshi. Matarsa takan tsaya daga waje ta ce, “Malam, jikin ya yi zafi?” Sai ya ce a'a, alhali shi ma bai tabbata ba. Zazzaɓin kuwa ya zo. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya tashi, amma kunnensa ɗaya bai ƙara jin ko kiran salla ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.