Taga ta Uku

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wata mai rubuta manhaja da abokin aikinta, suna gina manhajar da ke tura wa manoman rani saƙon ranar da za a sako ruwa daga madatsa. Kowa yana aiki a kwamfutarsa, in ya gama sai ya zuba a ma'ajiya ɗaya mai riƙe kowane gyara da sunan mai shi. Amma duk ranar da su biyun suka taɓa layi ɗaya na rubutun manhajar, sai ma'ajiyar ta cije, ta watso nata da nasa cikin tarkacen alamomi, ta ce a zaɓi guda. Wata rana matar ta zaɓi nata, nasa ya shafe, saƙo ya tafi da tsohuwar rana. Manoman ƙauye guda suka dasa tumatir, ruwa bai zo ba sai bayan kwana uku, rabin dashen ya ƙone. Shi ya ce ta raina aikinsa, ita ta rantse ba ta ma gane abin da ya canza ba. Har gaisuwa ta fara yi musu nauyi.

Abin ya tsaya mata a rai. Mako biyu ta yi tana ƙera wa ma'ajiyar sabuwar fuska mai taga uku a allon kwamfuta: nata a dama, nasa a hagu, a tsakiya kuma layin yadda yake tun kafin kowa ya sa masa hannu, kowane gyara da launinsa. Da ta gama, ta ɗauko layin da ya haɗa su faɗa ta gwada. Tana dubawa ta miƙe zumbur, har kujera ta kife. Ashe shi ranar sakin ruwa ya gyara, ita kuma sunan ƙauyen, babu wanda ya taka wani. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta sungumi kwamfutar ta nufi ofishinsa, tana dariya tun daga ƙofa.

"Malam, zo ka ga abin da muka yi wa faɗa."

Ya duba, ya sake dubawa, ya riƙe baki. Da dannawa ɗaya suka haɗe gyaran biyu. Kafin la'asar sauran ma'aikata sun cika ofishin, kowa ya tono tsohon rikicinsa yana roƙon a fara da nasa, kuma mafi yawa suka warware da zarar an ga asalin layin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, waiwaye adon tafiya.