Turbar da Ta Tsaya a Gindin Giginya

Wannan misali ya zo mini ta bakin mutum biyu, kuma sun saɓa wa juna a ƙarshensa. Wanda na rubuta a nan na Dattijo Korau Istifanus ne, domin mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka taka ciyawar da za a ambata, kuma sau uku na ji shi yana bayarwa cikin shekara tara, bai ƙara ba, bai rage ba. Na ƙarshe ya bayar da shi ne ran Lahadi ta biyu a watan Agusta, a inuwar majami'a bayan an tashi sujada, ga wani magidanci da ya ce masa ai ko bai zo sujada ba, kuɗin baikon da yake ba majami'a yana zuwa.

Ya ce an yi wani manomi da gidansa yake shi kaɗai a hayin fadama, majami'a kuwa tana wancan ƙetare. Tsakaninsu turba ɗaya ce, siririya kamar zare, tana lanƙwasa tsakanin ramukan taɓo masu haɗiye saniya. Ba fartanya ce ta share ta ba. Ƙafarsa da ta matarsa su suka fitar da ita cikin shekara talatin, su kaɗai kuma suka san lanƙwasarta. A tsakiyar fadamar akwai giginya guda. Al'adar ikilisiyar ita ce, kowace Lahadi da an buga tsohuwar garmar da aka rataye a madadin ƙararrawa, 'yan'uwa kaɗan su fito taryen na nesa har gindin giginyar, su jira tsawon waƙa ɗaya, sannan a koma tare ana rerawa. Wata damina matarsa ta kwanta ciwo, noma da jinya suka haɗu masa. Ran Lahadi ya ji garma daga gona, ya cire hula, ya yi addu'a tsakanin kunyoyin dawa, ya ji daɗin haka ƙwarai. Baikonsa ya riƙa aikawa ta hannun wani mai jaki da yake bin doguwar hanya. Da mai bishara ya zagayo gaishe shi, sai ya ce masa, “Zuciyata tana tare da ku.” Ba ƙarya ya yi ba. Daga nan kogi ya kawo, ya yanke doguwar hanyar, Lahadi goma sha ɗaya suka wuce.

Wata safiyar Lahadi matar ta ce masa jikinta ya gaya mata lokaci ya matso, kuma ba ta roƙon komai sai ta ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tarayya, tare da 'yan'uwa kafin ta tafi. Ya ɗauki sanda ya gangara. Hazo ya kwanta a kan fadamar kamar an baza auduga, gamba ta fi shi tsawo, raɓa tana zuba masa a wuya. Ya tsaya inda bakin turba yake a da, bai ga komai ba sai ciyawa. Ya dogara ga ƙafarsa, ashe ita ma ta manta. Taku kaɗan ya nutse har cinya. Ya fito, ya juya, ya sake nutsewa. Rana ta fito fara fat kamar faifai, ba ta nuna masa gabas ba, balbela ɗaya ta tashi ta bar shi cikin shiru. Can sai ya ji waƙa, sama-sama, kamar wadda mutum yake ji a mafarki, wani lokaci daga dama, wani lokaci daga hagu. Ya san waƙar, ya kuma san baitinta na ƙarshe ake ciki, da an gama za su juya. Ya buɗe baki zai yi kira, abin da ya fito amshi ne, da murya mai tsatsa. Aka yi shiru. Sai aka ɗauko waƙar daga farko. Ya bi ta baiti bayan baiti har ya faɗo gindin giginya, taɓo har ƙugu. Mutum bakwai ne a tsaye, tufafinsu sharkaf da raɓa, a bayansu kuwa turba ce fes, a dandaƙe kamar masussuka, tana miƙe har ƙofar majami'a. Lahadi goma sha ɗaya suna zuwa, suna rera waƙa ɗaya, suna komawa. Ashe rabin turbar da yake ɓangarensa ne kawai ya mutu.

Ba wanda ya tambaye shi inda ya shiga. Aka aika a ɗauko gurasa da ƙoƙo, ikilisiya duka ta biyo. Ya shiga gaba yana lalube da sanda, ƙafafun mutum arba'in a bayansa suna kwantar da gamba. Ɗaya mai ba da labarin ya ce sun tarar rai ya yi halinsa. Dattijo Korau kuwa ya ce mahaifiyarsa ce ta tallafo kan matar har ta sha, kuma abin da ta faɗa da ta sauke numfashi shi ne, “Tun daga giginya nake jin ƙafafunku.”

Waɗanda suke zaune a inuwar majami'a ran Lahadin nan ta Agusta su ne Dattijo Nomau Kefas, Malama Rifkatu Jatau ta Zumuntar Mata, Barmo Filibus mai buga garma, da magidancin, wanda ya roƙa kada in rubuta sunansa. Dattijo Korau bai dubi fuskarsa ba, takalmansa ya duba, sannan ya ce gaskiyar masu iya magana, zumunta a ƙafa take.