Barewar Ƙarshe

A ɗakin tiyata likitar ta ɗaga allura, ta ce da Hausarta ta haifaffun Jidda, "Baba, wannan asalinta dafin kibiya ne. Jikinka zai saki, na'ura ta yi maka numfashi."

Tsohon mai gadi ya yi murmushi. Dajin garinsu ya faɗo masa a rai, lokacin da yake farauta, tukunyar dafi tana tafasa nesa da mata, barewar ƙarshe da ya harba ta durƙusa tana kallonsa.

"A garinmu mace ba ta taɓa dafi, 'yata. Kuma duk abin da na harba bai tashi ba."

"Nawa suna tashi, insha Allah. Yalla."

Ya miƙa mata hannu, yana kallonta yadda barewar nan ta kalle shi.