Wushiryar Mati

Tun da zafi ya mayar da aiki dare, kowa a Gumel sai ya haɗiyi sabuwar ƙwayar melatonin da hantsi kafin barci ya ɗauke shi. Ƙwayar ta tafi da yunwa, tana kuma goge abin da mutum ya sani kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mata ke ƙulla bakin zane in sun ci abinci, don kada su manta.

Hansatu ta taso daga aiki tana jan ƙafa, ta biya wa mahaifiyarta da kwanon ɗumame. Ta tarar da tsohuwar idanu jajur, zanenta babu ƙulli.

"Inna, ba ki sha ƙwayar ba ko? Wallahi na gaji da rigimar nan."

"Kwana uku ke nan. Miƙo kwanon, yunwa nake ji."

Inna ta kai loma, ta lumshe ido.

"Haka Mati yake son daddawa. Jiya fuskarsa ta dawo mini, har wushiryarsa. Allah ya jiƙansa."

"Amin." Hansatu ta yi hamma, tana laluben ƙwayarta. "Inna, wane ne Mati?"

Inna ta mayar da lomar cikin kwano.

"Ƙanenki. Ke kika goya shi."