Mutumin da Ya Ɗinke wa Shafinsa Baki

Ɗaga hannunka daga kan kwamfutar nan tukuna, Malam Isiyaku. Na ga abin da kake shirin yi. Rubutun gargaɗin can da ke fitowa a saman shafinka ya ishe ka, kana son ka ɓoye shi. Zauna, ko da yake na san zama ba halinka ba ne, in ba ka misali da wani mutum.

Mutumin nan gwani ne wajen haɗa shafukan intanet, sai dai irin waɗanda ba sa jiran shayi ya huce ne. Shi ya haɗa wa wata makarantar koyon aikin jinya shafin rajistar jarrabawar fita. Ɗaliba ta shigar da sunanta da lambar katinta, su tafi rumbun bayanai su kwanta, ranar da aka yanka makaranta ta kwaso sunayen ta aika wa hukumar jarrabawa. Ka san shafi ba ya faɗa wa rumbu kai tsaye. Akwai layi guda da yake yin sallama da shi, rumbu ya amsa, sannan a buɗe masa. To, shekara biyu cur wannan layi yana fitar da gargaɗi cewa sallamar nan ta tsufa, sabon zubin harshen da aka rubuta shafin da shi ba zai san ta ba, a sauya. Mutumin ya karanta sau ɗaya ya ja tsaki. Abu yana aiki, me za a taɓa? Ya ɗora alama guda a gaban layin, ya kashe duk wani saƙon kuskure, shafi ya fito tsaf. Har yaba masa aka yi.

Wata ranar Alhamis, ranar da hukuma za ta rufe karɓar sunaye ƙarfe huɗu na yamma, kamfanin da ya ba shafin masauki ya ɗaga harshen zuwa sabon zubi, kamar yadda ya sanar cikin wasiƙu uku da gogan naka bai buɗe ba. Da hantsi aka shiga shafi, fari fat kamar farantin da aka wanke. Shugabar makaranta ta hau kiransa. Cikin sunayen da ke kwance a rumbun kuwa har da na ƙanwarsa Kubra, ciki ɗaya, wadda ta yi shekara uku tana wankin ciwo da ɗaura ruwa tana jiran wannan jarrabawa. Hankalinsa ya tashi. Ya sauya kalmar sirri, fari. Ya mayar da ta da, fari. Ya kira kamfani, aka ajiye shi a layi ana masa kiɗa, ya kashe. Ya miƙe, ya zauna, ya zagaya teburi, ya leƙa waje ya dawo. Azahar ma ya yi ta kamar ana korarsa. Shafin da zai gaya masa inda ke masa ciwo, shi da hannunsa ya ɗinke masa baki.

Sai zuciya ta raya masa ai rumbun ne ya lalace. Yana da kwafin ajiya na wata uku baya. Bai tsaya ya leƙa rumbun ba, bai kwashe abin da ke ciki ya ajiye gefe ba, wai lokaci na tafiya. Ya ɗauko tsoho ya kife a kan sabo. Ya sake buɗe shafi, fari. Sai a lokacin ya tuna da alamar da ya sa. Yana cire ta saƙo ɗaya tal ya fito: ba a san wannan sallama ba. Minti goma bai cika ba ya rubuta sabuwa, rumbu ya amsa, shafi ya buɗe. Ashe tun safe rumbu lafiyarsa ƙalau, yana nan cike yana jiran a yi masa sallamar da yake ganewa. Amma yanzu duk wadda ta yi rajista cikin wata ukun nan babu ita. Ya rubuta sunan Kubra sau biyar, babu.

Saura awa guda. Aka bi ɗalibai da waya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka samu suka sake cikewa a guje. Kubra kuwa an tura ta aiki wani asibitin ƙauye inda sabis sai an hau tudu, katin da lambarta ke jiki yana cikin jakarta, ba mai iya cike mata. Ya kira har kunnensa ya yi zafi, ba ta shiga. Huɗu ta buga.

Ranar Asabar ta dawo gida, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Yaya, sunana ya tafi ko?" Ya kasa ɗaga kai. Da ta gane, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Ba komai, Allah ya kai mu baɗi," ta shige ɗaki. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kwana uku dangi suna shigowa yi mata jaje, shi ke shimfiɗa musu tabarma.

To, Malam Isiyaku, bar gargaɗin nan ya faɗi abin da ke bakinsa, ka gyara layin yau tun babu mai kiranka. Hausawa suka ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.